Daga Gafaka Zuwa Juji: Waiwaye Kan Darajar Takarda a Karaye da Rogo

Wata safiyar Asabar na tsaya sayen ƙosai kusa da tasha a garin Karaye. Mai ƙosan, wata dattijuwa mai fara'a, ta yago takarda daga ƙunshin da ke gefen kaskonta, ta zuba mini, ta barbaɗa yaji. Sai da na kusa cinyewa idona ya kai kan abin da ke hannuna. Ashe fotokofin takardar shaidar ɗan ƙasa ce ta wata baiwar Allah. Ga hotonta ya jiƙe sharkaf da mai, ga sunanta, ga unguwarsu, ga lambobinta goma sha ɗaya reras, babu wadda ta goge.

Na ce, "Inna, a ina kike samo waɗannan takardun?"

Ta ce, "Ɗan nan, yara ke kawo mini talla. Tuli guda nake saye, sun ma fi jarida araha."

Ban ga laifinta ba ko kaɗan, neman halalinta take yi. Amma na kasa yar da takardar nan. Na ninke ta na sa a aljihu, kuma tun daga ranar maganar take yi mini yawo a rai. Yau fiye da shekara ashirin ke nan ana gaya mana cewa zamanin takarda ya wuce, komai ya koma cikin waya da kwamfuta. To, yaya aka yi takarda ta fi kowane lokaci yawa a titunanmu, ta kuma fi kowane lokaci wulaƙanta? Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya.

Kakana malamin allo ne, a zaurensa na fara karatu. Abin da na fi riƙewa cikin halayensa shi ne, ba ya tsallake takarda a ƙasa. Ko sauri yake yi zuwa masallaci, in ya hango guntunta a hanya sai ya sunkuya ya ɗauka, ya kaɗe ƙurar, ya soke ta a tsagar katanga ko a jikin jinka, inda ƙafa ba za ta kai ba. Wata rana na ce masa, "Malam, ai wannan rubutun boko ne." Ya dube ni ya ce, "Kai yaro, ka san sunan wa ke jiki? In babu sunan Allah, ai ba a rasa sunan bawansa."

Wannan ladabi yana da tushe. A ƙasar Hausa takarda baƙuwa ce mai tsada, wadda ta sha tafiya kafin ta iso. Ayarin raƙuma ke ɗauko ta daga Tarabulus, su ratso hamada da ita zuwa Kano, kuma akasarinta a Italiya ake yin ta. Har yau in ka ɗaga warƙar wani tsohon littafinmu ga haske, sau da yawa za ka ga tambarin jinjirin wata guda uku a jikinta. Baturen nan matafiyi Heinrich Barth, wanda ya shigo Kano a 1851, ya lissafa takarda cikin hajar da ake kawo wa kasuwar birni daga arewa. Abin da ya ƙetaro teku da hamada kuwa ba a yi masa riƙon sakainar kashi. Shi ya sa aka yi wa littafi tadarishi na fata, aka ɗinka masa gafaka, aka rataye shi a sama. Shi ya sa kuma almajiri ba ya koyon rubutu a kan takarda. Allo ne abokin koyo: ka rubuta da tawadar gawayi da ƙaro, ka haddace, ka wanke, ka sake rubutawa. Allo guda yakan raka yaro daga babbaƙu har sauka, ƙaninsa ma ya gaje shi. Takarda sai hannu ya faɗa, sai alaramma ya zauna rubuta Alƙur'ani da ka.

Ko da boko ya shigo, darajarta ba ta zube nan da nan ba. A gidanmu, duk takardun da muka mallaka ba su cika gwangwanin alewa guda ba: takardar haraji, da ta jangali, da shaidar sayen gona, da katin asibiti, da wasiƙu biyu ko uku na wani baffanmu da ke neman kuɗi a Ikko. Takardar haraji kam, magidanci lallaɓa ta yake yi kamar ƙwai, domin in tafiya ta kama shi ita ce shaidarsa a hanya, har zuwa 1979 da gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a Jihar Kano. Mu da muka shiga firamare a guguwar ilimi kyauta ta 1976, littafin rubutu guda mukan cika shi har bangonsa na baya, kuma duk wanda ya yage takardar tsakiya ba dalili, ya san zai haɗu da malam.

Shara ma a wancan lokaci tana da makoma. Abin da tsintsiya ke tarawa a tsakar gida bai wuce toka, da ƙaiƙayi, da buntu, da ganye, da kashin awaki ba. A kai juji, ya ruɓe, in bazara ta yi jaki ya kwashe shi a mangala zuwa gona. Manomin da jujinsa ya fi girma shi ne dawarsa ta fi kauri. In an aiki yaro sayen man gyaɗa ya tafi da kwalba, in fura ce ya tafi da ƙwarya, in tuwo ne da kwano. Daddawa a ganye ake ƙunshe ta, goro ma haka. A ƙasar Rogo, can wajen iyaka da Kaduna da Katsina inda ake noman rake, ɓawon da aka tofar a kasuwa ba ya kai wata damina sai ya koma ƙasa. Duba-gari yana zagayawa yana leƙa randa da makwarari, amma bai taɓa cin karo da sharar da ta gagari ruɓewa ba. Abin da ya fito daga gona, gona yake komawa.

Ba ina cewa jiya ta fi yau ta kowace fuska ba ne. Na ga matan da suka yi asarar gonar gado domin babu wanda ya rubuta komai a ƙasa. Na ga wasiƙar rasuwa da ta iso bayan an yi sadakar arba'in. Don haka da aka ce na'ura ta zo, da hannu biyu muka karɓe ta.

A 2001 wayar hannu ta shigo Nijeriya, wasiƙa ta fara ja da baya. Amma shara ta farko da wayar ta kawo mana takarda ce: katin waya, wanda ake kankarewa a loda a yar a gindin laimar mai sayarwa. Sai sauran suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya. A 2014 Babban Banki ya ƙaddamar da lambar BVN, kowa ya je ya dangwala yatsu goma, aka ɗauki hotonsa, ya dawo da takarda. Daga 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, amma ɗalibi sai ya buga takardar rajista, ya buga ta sanin rana da wurin jarrabawa, ya buga ta sakamako, ya buga ta samun gurbi. A Disambar 2020 aka ba da umarnin haɗa layin waya da lambar NIN, jama'a suka yi dafifi a wuraren rajista, kowa ya fito da 'yar takarda, ya kai aka manne ta da leda, ya yi mata kwafi biyar don gudun ko-ta-kwana. A farkon 2023, bayan an sauya fasalin naira, kuɗi suka ɓace, hatta mai rake da mai nono suka koyi jiran alat, shagunan POS suka tsiro a kowace kwana, kuma gindin kowane teburi ya cika da ƙananan rasit da iska ke wasa da su. A zaɓen wannan shekarar na'urar BVAS ce ta tantance masu jefa ƙuri'a, amma fastocin 'yan takara sun lulluɓe katangun makarantu da gadoji da gindin bishiyoyi, wani kan wani, har damina ta zo ta jiƙa su ta tura su kwata.

Duk wanda ke son ganin lamarin da idonsa, ya je Kusalla, inda sansanin horar da masu yi wa ƙasa hidima na Jihar Kano yake, nan ƙasar Karaye. Matasan da ke sauka daga motoci su ne 'ya'yan zamanin intanet na haƙiƙa. Ta intanet suka yi rajista, ta nan suka ga jihar da aka tura su. Amma kowannensu yana rungume da fayil cike da kwafin takardar kira, da na shaidar kammala karatu, da ta lafiya, da hotunan fasfo rututu. Haka tsarin yake a kowane sansani a faɗin ƙasar nan, haka yake a ɗaukar aiki, haka yake a shiga makaranta.

Ni ma na ɗanɗana. Lokacin da 'yata ta samu gurbin karatu a wata makaranta, mun cika fom ta intanet, mun ɗora kowace shaida, mun biya kuɗi ta banki. Da muka isa sai aka ce mu koma mu bugo duk abin da muka ɗora, kwafi uku-uku, kowanne cikin fayil dabam. Muka yi rabin yini a layin mai fotokofi, janareta yana ta hayaƙi a kanmu. Da muka miƙa, na ga inda aka jefa fayil ɗin: wani ɗaki da takardu suka kai rufi, an ɗaure su da igiya, gara ta fara cin na ƙasa. A nan na gane hanyar da takardar baiwar Allahn nan ta bi har ta isa kaskon ƙosai.

Ruwa ba ya tsami banza. Da na zauna na yi nazari, sai na ga dalilai huɗu.

Na farko, ƙarancin yarda. Ma'aikaci yana tsoron ranar da za a tuhume shi, don haka yana son abin da zai riƙe a hannu ya nuna. Talaka shi ma yana tsoron ranar da za a ce masa babu sunansa a kwamfuta. Kowa ya mayar da takarda garkuwa. Dokar shaida ta 2011 ta yarda kotu ta karɓi hujjar da ta fito daga kwamfuta, amma zukata ba su bi dokar ba tukuna.

Na biyu, rumbunan bayanan hukumomi ba su san juna sosai ba. Banki ya ɗauki yatsunka, hukumar zaɓe ta ɗauka, hukumar shaidar ɗan ƙasa ta ɗauka, kamfanin waya ya ɗauka. Duk da haka in ɗaya yana son abin da ke wurin ɗaya, kai za a aika. Ɗan ƙasa ya zama ɗan aike tsakanin kwamfuta da kwamfuta, takarda ce kuma saƙon da yake ɗauke da shi.

Na uku, wuta da sabis. Ofishin da zai yini babu lantarki, asibitin ƙauyen da sai an fita waje an ɗaga waya sama kafin saƙo ya tafi, ba za ka ce musu su jingina da na'ura kaɗai ba.

Na huɗu, sauƙin bugawa. A da, akawu sai ya jera takarda da kabon a keken rubutu, ya buga harafi ɗaya-ɗaya, in ya yi kuskure ya sake daga farko. Wahalar ce ke sa a yi tunani kafin a nemi kwafi. Yau da danna maɓalli guda firinta za ta amayo hamsin. Wannan ciwon ba mu kaɗai ya kama ba. Tun 1975 mujallar Business Week ta Amurka ta yi hasashen ofishin da babu takarda a cikinsa, amma shekaru da dama bayan haka amfani da takarda ƙaruwa ya yi ta yi, kuma a yau duniya tana sarrafa tan miliyan 400 da ɗoriya na takarda da kwali kowace shekara, kaso mai yawa don naɗe kaya.

Adalci ne a faɗi cewa akwai takardar da ba ta da madadi. Tsohuwar da ke ƙauyen Rogo, wadda ba ta da waya kuma ba ta karatu, katin asibitinta shi ne bakinta a gaban likita. Takardar gona, da ta gado, da ƙuri'ar da aka dangwala wa yatsa aka ƙirga a gaban jama'a, duk hujjoji ne da ba sa mutuwa don caji ya ƙare. Waɗannan su ne magadan abin da ke cikin gwangwanin gidanmu, kuma sun cancanci gafaka. Kukana yana kan ɗaya takardar ne, wadda ake nema don kawai an saba nema, wadda babu mai karanta ta, wadda ranar da aka karɓe ta ita ce ranar da ta zama shara.

Ita wannan tana cin mu ta fuskoki da yawa. Tana cin aljihun talaka, domin kuɗin fotokofi da na fasfo da na fayil da na mota zuwa inda ake bugawa, daga kuɗin cefane ake cire su. Tana cin arzikin ƙasa, domin manyan masana'antun takarda uku da gwamnati ta kafa a Jebba da Iwopin da Oku Iboku sun daɗe da durƙushewa, akasarin farar takardar da muke bugawa daga waje ake sayo ta da dala. Tana cin sirrin mutane, domin a zamanin da ɗan damfara ke neman suna da lamba kawai ya shiga asusun mutum, mu muna naɗe tsire da su. A Yunin 2023 aka sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a, wadda ta ɗora wa duk mai karɓar bayanin mutum nauyin tsare shi, amma dokar ba ta isa ɗakin ajiyar fayil ba tukuna. Tana kuma taɓa lafiya. Tawadar firinta ba don ciki aka yi ta ba, kuma irin takardar rasit mai santsi da ke fitowa daga na'urar POS akan shafe ta da sinadarai, cikinsu har da wanda Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da shi a irin wannan takarda tun 2020.

Takarda dai ko ba jima ko ba daɗe za ta ruɓe. Abokiyar tafiyarta ce ba ta ruɓewa. Tun shekarun 1990 da ruwan leda ya bazu, baƙar leda kuma ta kori kwando da ƙwarya da ganye, jujinmu ya sauya kama. Yau in manomi ya kai taki gona, sai ya bi yana tsince leda, abin da ya ɓuya kuma garma ta tono shi baɗi yana nan yadda yake. Mahauta sun san abin da suke cirowa daga tumbin shanu da tumaki. Kwata takan toshe, ruwa ya kwanta, sauro ya samu gida. Abin da ruwan sama ya kwasa daga tituna kuwa rafi yake bi da shi, rafukanmu kuma ga inda suke zuba: madatsar Kusalla, da babbar madatsar Challawa da aka kammala a 1992, wuraren da masunta da manoman rani ke ci daga gare su. In an gaji a cinna wa jujin wuta, hayaƙin leda ya shiga ɗakin mai jego. 'Yan jari-bola suna kwashe ƙarfe da roba mai nauyi domin suna da kuɗi, amma siririyar leda da jiƙaƙƙiyar takarda ba su da mai so. Ruwanda ta hana ledar cefane tun 2008, Kenya ta bi sahu a 2017, Jihar Legas kuma ta hana robar zuba abinci mai kama da soso a 2024. Waɗannan ba su fi mu hannu ko ƙafa ba, niyya suka yi.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ba sai mun jira Abuja ba kafin mu fara. Shugaban makaranta, da jami'in asibiti, da ma'aikacin sakatariya, kowa ya tambayi kansa kafin ya ce a kawo kwafi uku: wa zai karanta na biyu da na uku? Abin da ke cikin kwamfutar ofis kada a sa talaka ya sake bugo shi. In an ga asalin takarda da ido an tabbatar, a mayar wa mai ita. Wadda ta zama dole a ajiye, a ajiye ta da mutunci, in wa'adinta ya cika a yayyanka ta, kada a sayar da sunayen mutane a tuli. Mai POS ya tambayi abokin ciniki ko yana son rasit kafin ya buga. Ɗan siyasar da ya manna fasta ya turo yaransa su ɓamɓare bayan zaɓe. Ƙananan hukumomin Karaye da Rogo su ware wuraren zuba shara a kasuwanni, su dawo da martabar duba-gari. Masarautar Karaye, wadda ta haɗa ƙananan hukumomin nan biyu, tana da hakimai da dagatai da masu unguwanni da ake jin maganarsu, limamanmu kuma suna da mumbari. In suka ce a raba juji biyu, na taki daban na leda daban, za a raba.

Mu kuma a gida, mu koma wa kwando da kwano in za a je cefane. Mu koya wa yara rubutu a gaba da bayan takarda. Mu daina miƙa kwafin shaidarmu ga duk wanda ya miƙo hannu ba tare da mun tambayi abin da zai yi da ita ba.

Takardar baiwar Allahn nan ban mayar da ita titi ba. Da na isa gida na yayyaga ta ƙanana na binne a bayan gida, kamar yadda nake fata wani zai yi wa tawa in ya tsince ta. Kakana bai san kwamfuta ba, amma ya san cewa duk rubutun da ke ɗauke da sunan mutum amana ce. Mai karatu, gobe in ka ga takarda a ƙasa, ka sunkuya ka duba sunan wa ke jiki. In kuma kai ne ke zaune a bayan teburi, kada ka nemi takardar da ba za ka iya riƙe amanarta ba. Allah Ya ba mu ikon gyarawa.